Nonon Saniyar Baba da Maganar Sabuwa

Daga Batulu 'yar Malam Dabo a Zandam, zuwa ga yayana Iliyasu mai fatauci a Gwanja. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki. Mu nan ƙalau muke. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa. Gero ya yi bana, dawa ce ruwa ya ɗauke mata da wuri.

Bayan haka, Yaya, maganar gidan ƙaninmu Barau ce ta sa na roƙi Malam Maikano ya rubuta mini. Da kaka na je gidan Barau a Wurno, na tarar da 'yarsa Sabuwa, wadda aka yaye, ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Wanta Sulaimanu kuwa ɓul-ɓul da shi. Na zauna na ga yadda ake yi. In an tatsi saniyar da Baba ya bar mana, Sulaimanu ake dama wa fura da nonon, ita sai ƙanzo. Uwarsu A'i ta gaya mini tana hawaye cewa ba ta da ta cewa. Da na yi wa Barau magana, ya ce namiji ne zai riƙe garma gobe, mace gidan wani za ta, wai ma iska ce ta taɓa yarinyar. Na ce masa gidan mai gari cike yake da 'ya'ya mata, ban taɓa ganin iska ta kumbura ƙafar ko ɗaya ba, don su ana ba su nono.

Na goyo Sabuwa na taho Zandam. Na ba da zanena na saƙi aka ba ni akuya mai shayarwa, ina haɗa mata da kunun gyaɗa. Kumburin ya fara sacewa, jiya har ta miƙe ta bi kaji. Amma nonon akuyar ya kusa ƙafewa, yarinya kuma tana neman uwarta.

Saniyar nan ta mu uku ce. Rabona na mace ne, kaɗan, amma in aka haɗa da naka ya rinjayi na Barau, kuma Barau ya ce ba zai ba Sabuwa nonon ba sai ya ji daga bakinka. Ka aiko ta hannun madugun da ya fara tasowa cewa rabonmu na Sabuwa ne. In ka yi shiru, zan tafi gaban alƙali a Birnin Kudu, ko da za a ce na kai ƙanina ƙara. Yarinyar nan ba za ta mutu ina kallo ba.

Inna da mai gidana Badaru suna gaishe ka. Ka gaida mini Hapsatu da yara. Allah ya dawo mana da kai lafiya. Wassalam.

Ƙanwarka,
Batulu