Hannun Umma da Tanderu

Hujariyya, ƙasar Ta'iz,
cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga yayana Mahyub ɗan Radman, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Atika da yara, Ya kuma buɗa maka a wajen aiki. Mu nan sai godiya. An samu ruwa daidai gwargwado, dawar gonar sama ta yi kyau, ta ƙasa kuwa birai sun raba mu da rabinta. Jar saniyar nan ta haihu, mace. Saif direba ya kawo kaset ɗinka tare da atamfofin, mun gode, Allah Ya ƙara rufin asiri. Za ka yi mamakin ganin takarda maimakon kaset. Dalili shi ne in na yi magana a rikoda Umma za ta ji, maganar kuwa a kanta ce.

Ka san yadda ake yabon hannun Umma a garin nan. Kowace mace da ɗan matashinta take manna gurasa a tanderu, ita kuwa da tafin hannu. A 'yan shekarun nan ma ta daina tsoma hannun a ruwa kafin ta zura shi. Mata masu kiranta da sunanta suna cewa Hamama kam wuta ta san ta, duk gidan da ake biki ita ake fara aika wa. Baffa Hazza kuwa in ya zauna cin ganyen kat, wanda maza ke taunawa a majalisa, ba shi da hira sai cewa matan yanzu ragwaye ne, su zo su ga matar ɗan'uwansa. Bara ƙananan yatsunta biyu na dama suka fara lanƙwashewa, kofi yana suɓuce mata. Baffa ya ce iska ce ta shiga jijiya, ya kai ta wajen mai lalas a kasuwar Asabar. Mutumin ya ɗora mata ƙarfen da ya yi ja a wuta a bayan hannu har hayaƙi ya tashi, ita kuwa ta kawar da kai tana ce masa ya yi ya gama, tana da abin yi a gida. Aka dawo ana ta ba da labarin jarumtarta.

Ga yadda abin ya fito. Maƙwabcinmu Abdurraƙibu ya daɗe yana tari yana ramewa, aka gwada kakinsa a ɗakin shan magani aka ce tarin fuka ne. Sai ma'aikaciyar lafiya, wata yarinya mai suna Intisar, ta bi gidajen da ke kusa da nasa da 'yan kwalabe, tana tambayar masu tari da masu zufar dare. A gidanmu babu mai tari, amma ka san Umma, baƙo ba ya fita bai ci ba. Tana miƙa mata gurasa Intisar ta hango bororo ya fashe a tafin hannunta, ta tambaye ta yaushe ta ƙone. Umma ta ce wace ƙuna kuma. Intisar ta ajiye gurasar, ta ce mu shiga ɗaki. Ta duba bayan Umma ta ga tabban nan masu haske da muka ɗauka ƙyasfi ne, ta sa ta rufe ido, ta riƙa goga mata auduga a kansu, ta ce duk inda ta ji taɓi ta nuna. Umma ta ce mata in za ta taɓa ta taɓa, kwaɓinta yana can yana tsami. Alhali an riga an taɓa ta ya fi a ƙirga. Kashegari muka sauka Ta'iz. Likita ya lalubi jijiyar gwiwar hannunta, aka ɗan tsaga fatar kunnenta aka duba. Kuturta ce, Yaya. Na rubuta maka kalmar yadda take don kada ka fara jin ta a bakin wani.

Kada hankalinka ya tashi fiye da kima. Likita ya ce ana warkewa. Ƙwayoyi ne na shekara guda, wasu kullum a gida, wasu sau ɗaya a wata a gaban Intisar, kuma kyauta ake bayarwa. Ya ce da an fara shan su ba ta shafar kowa, ba sai an ware mata kwano ko shimfiɗa ba. Maganin ya sa fatarta ta yi duhu, mata suna cewa ranar gona ce, na bar su a haka. Baffa Hazza da ya ji sai ya ce a mayar da ita ɗakin ajiyar dawa na gonar ƙasa. Na ce masa gidan nan Radman ya gina shi, matar Radman kuma a ciki za ta zauna, wanda ke tsoro ƙofa a buɗe take. Ya yi fushi na mako guda, yanzu ya dawo shan gahawa, sai dai da kofinsa a aljihu yake zuwa. An duba mu duka har da shi, ba a ga komai ba. Kai ma ka je a duba ka, da Atika, tunda kun zauna a gidan nan kafin ku tafi.

Abin da ya rage shi ne hannun. Likita ya ce magani yana kashe cutar, amma jin da ya tafi ba lalle ya dawo ba. Ya ce ba cutar ce ke cin yatsun mutane ba, ƙuna ce da rauni da ba a ji, su zama gyambo, gyambon ya kai ga ƙashi. Ya hana ta tanderu kwata-kwata. Ya ce ta yi kwaɓi, ta yi tankaɗe, ta jiƙa hannun a ruwa kullum ta shafa mai, amma kada ta kusanci wuta. Ta kuwa bi, ni nake gashi tana zaune tana kushe ni, har ranar da kaset ɗinka ya zo. Ka tuna abin da ka faɗa a ciki. Ka ce za ka zo ƙaramar Sallah, ka ce ka ci gurasar Jidda kaf ba ka sami irin tata ba, ka ce kana ba abokan aikinka labari kana da uwa wadda wuta ba ta ƙona ta, kuma kana sauka mota bakin tanderu za ka tsaya ka ga ta ciro maka da hannunta. Ba laifinka ba ne, ba ka sani ba. Amma ta saurari wurin nan har kaset ɗin ya fara ja.

Tun daga ranar ta koma bakin tanderu. Ƙwayoyinta dai ba ta fashi, wannan na shaide ta. Amma in na yi maganar wuta sai ta ce Intisar jiya aka haife ta, likitan kuma bai taɓa gasa ko guda ba, ni kuma gefen gurasata ƙonewa yake yi, ba za a tari ɗanta da gawayi ba. Na ɓoye ashana, ta je gidan Abdurraƙibu ta ɗebo garwashi. Shekaranjiya ina dawowa daga rijiya na ji ƙauri tun daga ƙofar gida, na ɗauka wani ke babbakar kan akuya. Na shiga na tarar da ita ta dafa bakin tanderu da gefen hannu, ta leƙa kai tana duba ko gurasar ta yi. Ni na cire mata hannun. Ta dube shi kamar na wata ne, ta ce in bar ta ta ciro saura kada su ƙone. Intisar ta zo ta wanke ta ɗaure. Ta ce ƙaramin yatsan sai abin da Allah Ya yi, in kuma aka sake irin wannan, sauran ma ba ta yi mana alkawari ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina jin tsoro, ga azumi ya ƙarato, ka san yawan gashin da ake yi.

Don haka ga abin da nake so. Ka yi sabon kaset ka ba Saif kafin a ga wata. Kada ka ambaci sunan cutar, domin maƙwabta suna taruwa in an kunna. Kada ka yi kuka, kada kuma ka ce ba ka son gurasarta, wannan zai fi wutar yi mata ciwo. Ka ce kwaɓin nata kake so, Nuriya ta manna. Sannan ka rantse da Allah cewa duk gurasar da ta sa hannu a tanderu ta ciro, ba za ta shiga bakinka ba. Tawa rantsuwar ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, amma taka ba za ta bari ta hau kanka ba. Ka faɗa da muryar babban gida, ban da wasan nan naka.

Ka gaishe da Atika da kyau, da Waddah da 'yar auta Suhair, Allah Ya raya su. Ka gaishe da Kawu Dirhim in kun haɗu a masallaci. Baffa Hazza yana gaishe ka, haka ma Abdurraƙibu, tarinsa ya yi sauƙi, yana kan shan magani. Umma tana zaune kusa da ni yanzu da hannunta a naɗe, ta san kai nake rubuta wa, ta ɗauka maganar kayan Sallah ce. Ta ce in sa maka albarka mai yawa. Ta ce kuma in tambaye ka, da habbatus sauda kake son gurasar ko babu, domin hannun zai warke kafin ka iso.

Wassalam, ƙanwarka,
Nuriya 'yar Radman.