Biskit ɗin da Ya Iso Miki da Laushi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya kuma ƙara miki haƙuri da ɗaliban nan naki da kika ce sun fi ƙarfin muryarki. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Yaya ta yi sauƙi har ya koma shagonsa, yana taka keken ɗinki da ƙafa ɗaya yana mita da baki biyu. An gyara rufin ɗakin girki, yanzu in ana ruwa ba sai mun jera kwanuka ba. Inna tana nan, tana cin abinci, tana samun barci. Zan zo ga maganarta a ƙasa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a allo hannuna ya saba, bokon nan da girma na tsince shi. 'Yata ta ce in kawo ta rubuta mini, na ƙi, domin akwai abin da ba na son ya bi ta hannun kowa.

Takardarki ta iso ranar Talata ta hannun direban da ke kai mana saƙo. Kin ce gwangwanin biskit ya isa lafiya, amma da kuka buɗe sai kuka same shi da laushi, ba ya ƙara a baki, har ɗanki ya ce burodi ne mota ta taka aka aiko musu. Na yi dariya sosai da na kai wurin. Kika ce in tambayi Inna me ya faru, tunda tun tasowarki ba ki taɓa ganin nata ya yi haka ba. Kika kuma haɗo da tambayoyinki na gashi da ajiya, da ta 'yarki takwarar Inna kan tarihin biskit, wadda aka ba su a makaranta. Bari in fara da masu sauƙin.

Abin da ke sa biskit laushi, yawanci rufe shi ne da ɗumi. In ya fito daga wuta yana nan yana fitar da tururi ko da ido bai gani ba. In aka zuba shi a gwangwani a lokacin, tururin ba shi da wurin zuwa, sai ya koma jikinsa. Sai an baje shi a tire, ɗaya ba ya hawa ɗaya, har ya huce sarai. Kin tuna yadda Inna ke gwadawa? Takan ɗora ɗaya a kumatunta, in ba ta ji ɗumi ba sai ta karya shi kusa da kunne ta saurara. Wanda ke hannunku kada ku zubar. Ki mayar da shi wuta kaɗan, kamar tsawon alwala da salla raka'a biyu, ki fitar ki bari ya sha iska, zai dawo hayyacinsa. Gwangwanin kuma ki tabbata ya bushe ƙayau, ki shimfiɗa takarda mai tsabta a ƙasa, kada ki ajiye shi kusa da murhu ko a taga inda rana ke duka. Kada ki haɗa shi wuri ɗaya da burodi ko wani abu mai laushi, yakan ari danshin maƙwabcinsa. In an kiyaye wannan, yana kai sati uku har wata bai canja ba. Daga nan kuma hancinki zai gaya miki, domin botar ce ke fara sauya wari. Amma a gidan da ke da 'yan biyu, ban ga biskit ɗin da zai ga sati ba.

Naki da kika ce yana fitowa da tauri kamar tsakuwa, murza ce ta yi yawa. Hannunki na burodi ne, Auta. Kwaɓin biskit ba ya son a dame shi: ki murje bota da sukari har su yi haske, ki fasa ƙwai, ki zuba fulawa, da zarar ya haɗe ki cire hannu. Wanda ke ƙonewa ta ƙasa kuwa, wuta ce ta yi kusa. Mu da tukunya muke gasawa, yashi kaurin yatsu uku a ƙasa, garwashin kan murfi ya fi na gindi yawa. Ke mai na'urar gas, ki ɗaga tiren zuwa tsakiya ki rage wutar.

Ki gaya wa takwarar Inna, abin da na ji shi ne asalinsa guzurin matafiya ne, musamman masu shiga jirgin ruwa su yi watanni ba su ga tudu ba. Sau biyu ake gasa shi don ruwan jikinsa ya fita duka, kada ya yi fumfuna, kuma ba sukari ba bota, sai an jiƙa shi kafin haƙori ya iya. Daga baya aka mai da shi abin marmari. Haka na ji, Allah ne masani, ta ƙara tambayar malaminsu. Amma in tarihinsa a gidanmu take so, wannan a gabana aka yi. Ba a haife ki ba lokacin da wata ma'aikaciyar jinya ta kama hayar ɗakin bakin ƙofa. Ita ta koya wa Inna, da kwalba a madadin abin murzawa, da bakin kofin shayi wurin yankawa. Na farko da Inna ta yi ya fito baƙi ƙirin. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya ci uku yana yabawa, sannan ya tambaya a hankali ko akwai sauran gawayin ya kai wa mai guga. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Yanzu ga wadda ta fi mini nauyi. Ban tambayi Inna me ya sa biskit ɗin ya yi laushi ba, domin ba ita ta yi shi ba. Ni na yi. Direban yana bakin ƙofa yana danna ham, na taɓa na ji da sauran ɗumi, na ce ai ba komai, na rufe. Inna ko gobara ake yi ba za ta rufe gwangwani a kan ɗumi ba, kuma kin fi kowa sani, shi ya sa kika tambaya. Ba wannan kaɗai ba, Auta. Duk gwangwanin da ya zo miki cikin shekara biyun nan da sunan daga Inna, hannuna ne. Kina aiko da godiya gare ta, ina karanta mata, ina jin kamar na saci abu.

Abin ya fara ne lokacin da kike da cikin 'yan biyu, likita ya ce ki kwanta. Wata rana da hantsi na shiga ɗakin girki na same ta tsaye gaban kwano, kofi a hannu, hawaye na zuba. Ta ce ta manta ko ta sa sukari, ta ɗanɗana kuma ta kasa ganewa. Ashe gishiri ta zuba, kofi guda. Muka kai ta asibiti, likita ya ce mantuwa ce irin ta tsufa, ba ta komawa baya, sai dai a lallaɓa. A hanyar dawowa ta kama hannuna ta ce in yi mata alkawari ba zan gaya miki ba, kada hankalinki ya tashi a halin da kike ciki, in kuma ci gaba da aika gwangwanin kamar yadda ta saba. Na yi mata alkawari. A lokacin na ga daidai ne. Kika haihu lafiya, aka yi arba'in, aka yi yaye, ni kuwa kullum ina cewa sai wata mai zuwa. In za ku yi waya, nakan zaɓi safiya in haɗa ku, lokacin da kanta ya fi washewa, in kuma tsaya kusa ina raɗa mata sunayen yara. Wannan ma ki yafe mini.

Ba na son in tsorata ki, ba kuma na son in rage miki komai. Jikinta lafiya lau. Tana salla, sai dai wani lokaci ta idar ta sake tayarwa, mu kuma ba ma hana ta. Karatun da ta haddace tun ƙuruciya yana nan, ko wasali ba ta ɓatawa. Amma abin da ya faru jiya ba ya zama a kanta. Takan tambayi inda Baba ya tafi. Ni da nake yi mata wanka, sau uku ke nan ta kira ni baiwar Allah, ta yi mini godiya kamar baƙuwa. In ina gashi takan zo ta zauna a kujerar bakin ƙofa, ta tsince waɗanda suka karye da waɗanda gefensu ya yi ja, ta ƙulle a gefen zaninta, wai na Auta ne in ta taso daga makaranta. Sunanki bai taɓa ɓace mata ba, ko sau ɗaya. Amma nawa ma da haka yake bara.

Kin rubuta cewa kuna shirin zuwa a dogon hutun baɗi, in 'yan biyu sun ƙara ƙwari. Na san tafiyar kwana biyu da yara ba wasa ba ce, na san kuma aikinki. Ban taɓa roƙonki wani abu ba tun da kika yi aure. Yau ina roƙonki: kada ki jira baɗi. Ko ke kaɗai ce, ko sati ɗaya ne, ki nemi izinin maigidanki da na shugabar makarantarku ki zo, tun tana iya ɗaga kai ta san wadda ta shigo.

Alkawarin ya hana ni sukuni, domin amana ce, kuma na san za a tambaye ni. Na je wurin tsohuwar malamarmu, ta ce ɓoyewar ta riga ta gama amfaninta, yanzu haƙƙinki take ci, amma in fara neman Inna ta sake ni daga alkawarin. Shekaranjiya da safe, bayan ta sha shayi, na durƙusa gabanta na ce ina son in gaya wa Auta abin da ta hana ni faɗa. Ta dube ni ta tambaye ni wane abu. Na ba ta labarin tun daga kofin gishiri har zuwa asibiti. Ta saurara kamar labarin wata ake ba ta, har ta ce Allah sarki, wannan mata ta sha wahala. Can sai ta ce, to ita Autar me ya tsare ta har yanzu ba ta shigo ba, in aika a kira ta mana. Ban sani ba ko izinin wanda ya manta alkawari yana warware shi. Na bar wa Allah wannan. Ni dai an aike ni in kira ki, ga shi na kira.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ba shi haƙurin wannan nauyi da na ɗora muku. Ki gaishe da surukarki, da takwarar Inna, da sarkin tsokanar nan mai burodin mota, ki shafa mini kan 'yan biyu. Yaya da matarsa suna gaishe ku, haka 'yata da mijinta, da Gwaggo da ke cewa kin manta da ita. In kin sa rana, ki gaya wa direban ko ki kira ni, amma ba zan faɗa wa Inna ba sai ranar, don jira yana yi mata tsawo.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya sa ki same ta da safiya mai kyau.

Wassalam,
Yayarki.