Abin da Norbert Ya Faɗa a Rediyo

Port Emery, watan Satumba

Zuwa ga ƙanena Norbert,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Janice da yara. Mu ma nan lafiya lau, in aka cire abin da ka jawo mana.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Ka san wayar gidan nan a kicin take, Baba kuma a kicin yake wuni, duk abin da zan faɗa maka a kunnensa zan faɗa. Kuma ka daina bugowa. Ba layi ne ke katsewa ba kamar yadda ka gaya wa Janice. Da ya ji muryarka yake ajiyewa.

Mun ji ka a rediyo ranar Litinin, duk garin nan ya ji ka. Ina suyar ƙwai, Baba yana zaune da kofinsa yana sauraron shirin ƙwallo na Sal, na masu bugo waya, kamar kullum, sai Sal ya ce, "Ga Norbert daga Toledo, ina jin ka." Baba har miƙewa ya yi ya ƙara murya, ya ce min, "Ke, rage wutar nan, yaron nan ne!" Sai ka buɗe baki. Ka ce ƙungiyarmu ta yi daidai da ta sallami Gil Rasko ta ba yaron nan Mabry matsayin kwatabak, mai jefa ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka. Da a nan ka tsaya, da da sauƙi. Sai ka ƙara da cewa, "Sal, filin wasa ba gidan tsofaffi ba ne. Mutum in hannunsa ya mutu, a ba shi agogo, a tafa masa, ya tafi gida ya zauna." Sal ya yi ta dariya har da kaɗa ƙararrawarsa.

Agogo, Norbert! Duk maganar da ke duniya ka rasa wadda za ka ɗauko sai agogo. Ka manta abin da masana'antar ƙarfe ta miƙa wa Baba ranar da suka ce ya je ya huta?

Baba ya kashe rediyo, ya shanye kofinsa, ya fita gareji ya zauna. Jiya aka yi wasanmu na farko a gida, bai je ba. Mutumin da ya sa aka matsar da lokacin ɗaurin aurena saboda wasa! Mutanen da suka saba cin naman kilbasar da yake gasawa a wurin ajiye motocin filin wasa sai tambayata suke ko ba shi da lafiya. Na zauna ni kaɗai tsakanin kujeru biyu babu kowa, tasa da ta marigayiya Mama wadda kake zama a kai in ka zo.

A maganar ƙwallo ma ba ka da gaskiya. Rasko ya kawo mana kofi biyu, ɗaya da karyayyen yatsa. Shi wannan Mabry naka da an taso masa sai gudu, kamar kazar da aka buɗe wa akurki.

Ka nemi hanyar gyara abin nan. Ni na gaji da cin abinci da mutumin da ba ya magana.

Ka gaida min Janice. Ka shafa min kan yara.

Yayarka,
Loretta

Toledo, watan Satumba

Zuwa ga Yaya Loretta,

Gaisuwa da fatan alheri, tare da fatan ke da Baba kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta, Janice ma ta karanta, kuma ta goyi bayanki, don haka ba sai kin ƙara ba.

Ina so ki fahimci abu ɗaya. Don Baba na buga wayar. Na san ba ya fashin shirin Sal. Na daɗe riƙe da waya a ofis ina jiran layi, ina tunanin yadda zai ji daɗi in ya ji sunan ɗansa. Maganar agogo kuwa ta zo min ne kawai, na ga za ta ba da dariya. Rasko nake nufi, ko kusa Baba bai zo min a rai ba.

Amma batun ƙwallo, Yaya, ki yi haƙuri, ba zan janye ba. Kina filin bara. Kin ga yadda jifan Rasko ke faɗuwa a gaban mai kamawa, har sai ya dawo baya ya tsugunna. Kofin da kike magana, lokacin ɗana Stevie bai fara tafiya ba, yanzu yana neman aron mota. Ban ce Rasko ba gwani ba ne. A wurina garin nan bai taɓa ganin kamarsa ba, kuma ba na jin za a sake. Amma ƙungiya ba za ta jira mutum ya gaji don kansa ba. Mabry da kike kira kaza, gudun nan nasa ne ya ci mana wasan jiya.

Kuma wa ya koya mana faɗin gaskiya a kan ƙwallo? Wane koci ne Baba bai zaga ba daga kujerarsa? Shi ne ya ce mai tsaron bayanmu na da ya fi dacewa da sayar da gyaɗa a bakin ƙofa, a gaban matar mutumin.

Na sa wata 'yar takarda a ciki, ki miƙa masa. Za mu zo bikin godiya na Nuwamba mu ci abinci tare kamar kullum, sai mu yi magana gaba da gaba.

Na gode da kula da kike yi da shi. Na san ke ce a ciki.

Ƙanenki,
Norbert

Port Emery, watan Oktoba

Norbert,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Sanyi ya fara shigowa ta tafki.

Na miƙa masa takardarka. Ya juya ta, ya ninke ta huɗu, ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburin kicin da ke rawa. Ya ce ta yi daidai. Tana nan har yanzu, bai buɗe ba, teburin dai ya daina rawa.

Ka ji Rasko ya sa hannu da 'yan Granton. Granton fa, manyan abokan hamayyarmu! Baba da ko mai ba ya sha a garin, gara mota ta mutu a hanya, yanzu kowace Lahadi yana gareji yana murɗa rediyo yana neman tasharsu. Ranar nan na ji shi yana ihu, "Jefa, Gil, jefa!" Na tsaya a bakin ƙofa kunya ta kama ni, don Mista Pulaski maƙwabcinmu yana tsaye a shingensa yana ji.

Kada ku zo bikin godiya. Na gwada masa maganar, ya ce in kun zo shi a ɗakin taron coci zai ci nasa tare da waɗanda ba su da kowa. Ka san shi, zai aikata.

Sau ɗaya ya ambace ka. Ina wanke-wanke, ba tare da na tambaye shi ba, ya ce, "Kicin ɗin nan bai ishe shi ba, sai da ya tara min gari." Na ce, "Baba, Rasko yake nufi." Ya ce, "Na san wanda yake nufi." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ka ce ko kusa bai zo maka a rai ba. Na yarda. Ni abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Zan faɗi wannan sau ɗaya, kada ka sake tuna min: Mabry naka ya iya jifa. Wanda ya yi ranar Lahadi daga tsakiyar fili, na zubar da koko a cinyar matar da ke gabana. Amma bai kai Rasko ba, kuma ba zai kai ba.

'Yan Granton za su zo mana a Disamba. Baba ya ce zai je, har ya sayo gawayi. Kujerarka ya ba Mista Pulaski, mutumin da bai san inda ake cin maki ba.

Gaida mutan gidan.

Loretta

Toledo, watan Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba ko da ba zai amsa ba.

Mun yi bikin godiya mu kaɗai. Janice ta gasa talotalo, ya yi daɗi, amma babu wanda ya yi min gardama a kan wasan da ake nunawa, sai na kashe talabijin.

Na sake buga wa shirin Sal. Na ga tunda a can na ɓata, a can zan gyara. Matar da ke ɗaukar waya kafin a haɗa mutum da shi ta ce, "Me za ka ce?" Na ce, "Haƙuri zan ba mahaifina." Ta ce, "Malam, nan shirin ƙwallo ne, ba na zaman iyali ba. Kai ne Norbert mai agogo, ko? In ka canza ra'ayi ne a kan Rasko, yanzu in haɗa ka, Sal zai so wannan." Ta ce in faɗa cewa ƙungiya ta yi kuskure, daga nan sai in saƙa gaisuwata a ciki.

Na riƙe wayar, Yaya, na kasa. In na ce hannun Rasko yana nan da ƙarfinsa, Baba zai san ƙarya nake, zai san lallashinsa nake kamar ƙaramin yaro, kuma wannan ya fi agogo muni. Na ajiye.

Ban san me ya rage in yi ba. Ranar da Rasko ya fara buga mana wasa, Baba ne ya ƙwace hulata ya wurga sama don murna, ba mu sake ganinta ba, muka dawo gida kunnuwana sun ƙame, Mama ta yi ta faɗa. Ina kewarsa. Ina tsoron kada wani abu ya same shi muna cikin wannan hali.

Ba zan zo wasan ba tunda bai so. Ki tabbatar ya sa doguwar safa, ki rubuto min yadda aka yi.

Ƙanenki,
Norbert

Port Emery, watan Disamba

Norbert,

Gaisuwa. Ka ga wasan a talabijin, don haka ba sai na faɗa maka mun ci ba. Ga abin da ba a nuna ba.

Shi ya tuƙa mu, ya ƙi ba ni sitiyari. Sau biyu ya hau gefen titi, a wurin ajiye motoci kuma saura kaɗan ya ture murhun su Dombek da ke gashi kusa da mu. Na ɗauka ƙanƙara ce. Ya gasa kilbasa, mutane suka yi ta zuwa, "Kaz, ina ka shiga? Mun ɗauka ka koma Granton da zama!" Yana ce musu, "Ku ci ku rufe min baki." Rabon da in ga haƙoransa tun bazara.

Da aka fara wasa sai ya riƙa taɓa ni yana cewa, "Wa ya kama? Namu ne ko nasu?" Na ɗauka tsokana ce. Can na lura in ƙwallo ta wuce tsakiyar fili ba ya bin ta da ido, ihun mutane yake bi. Norbert, ba ya gani daga nesa. Ban san tun yaushe ba. Gida ɗaya muke kwana ban sani ba.

Rasko kuwa abin ba daɗin kallo. Yana jefawa, namu suna kamawa. Bayan hutun rabin lokaci wani ƙaton yaro namu ya zo ta bayansa ya maka shi da ƙasa, ya daɗe kwance. Filin nan da ya yi shekaru yana kiran sunansa ya ɗauki ihu, "Tafi gida! Tafi gida!" Har Mista Pulaski ya shiga ciki, ya ɗauka abin da ake yi ke nan. Baba ya ce min, "Ya tashi?" Na ce a'a. Ya sake tambaya, na ce ya durƙusa. Masu magani suka zo za su kama shi ya ture hannunsu, ya miƙe. Na ce, "Ya tashi, Baba." Sai Baba ma ya miƙe ya cire safar hannu yana tafi, shi kaɗai a ɓangarenmu. Wani ya jefo masa kofin takarda, bai juya ba. Ni kuka nake, ban ma san da wa nake ba.

Daga baya Mabry ya yi wani dogon jifa da ya kashe wasan. Baba ya ce in kwatanta masa. Na kwatanta. Ya ce, "Daga ina ya jefa?" Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai.

Yau da safe ya nemi takarda da biro. Ya rubuta, ya liƙe da kansa, ya ce in sa a cikin tawa. Ban san me ke ciki ba. Ko mene ne, kada ka huce a kaina.

Yayarka,
Loretta

Norbert,

Ina gaisuwa. Ka gaida matarka da jikokina.

Hannun Gil ya mutu. Na sani tun bara, kafin kai, kafin koci. Ba ƙarya ka yi ba. Kowa a garin nan yana iya faɗa in ji in share. Daga bakinka ne ban so in ji ba.

Ban huce duka ba, kada ka ɗauka na huce. Amma saura wasa ɗaya a gida, kuma Pulaski ba ya gane komai, yayarka kuma in ta fara kwatance sai kuka. Ina bukatar wanda zai faɗa min abin da ke faruwa a ɗaya gefen filin, yadda yake, ba ragi.

Ka zo da wuri. Kai za ka tuƙa.

Mahaifinka,
Kazimir