Ba Zan Sa Hannu a Kan Garkuwar da Ta Tsage Ba

Zuwa ga Injiniya Bashir, shugaban sashen gwaje-gwaje na kamfaninmu, Riyad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Yallaɓai, na fito fili ne saboda sau biyu ina tsayuwa a ƙofar ofishinka ana cewa kana taro.

Na ɗaya. Kai ka koya mini aikin nan. Kai ka ce idan kumbo ya dawo daga sararin samaniya, gogayya da iska tana lulluɓe shi da wuta, kuma garkuwar da ke ƙasansa ce kaɗai take hana shi ƙonewa. Aikina in gasa samfurin garkuwar a tanderu, in rubuta abin da na gani. Ranar Lahadi na gasa, ya tsage daga gefe. Na sake da wani samfurin, ya tsage a wuri ɗaya.

Na biyu. Da na kawo maka hotunan, ka ce tsagar ba ta kai ta kawo ba, masu kwangila suna jira, in rubuta cewa ta ci gwaji. Ka ce ai kayan bincike kumbon zai ɗauko, ba mutane ba. Yallaɓai, in ya tarwatse a sama, gutsattsarinsa a kan wa za su sauka? Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba.

Na uku. Washegari mudir, babban manajan kamfani, ya kira ni, ya tuna mini cewa iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, ta kusa ƙarewa, kuma kamfani ne kafilina, wanda ya tsaya mini. Kana zaune a wurin, ka sunkuyar da kai kana duba waya. Wannan ya fi barazanar ciwo. Na koma gida a unguwar Nasiriyya na faɗa wa maigidana. Ya ce in Kano ce mu koma, yaran za su saba.

Don haka ina roƙo a sake gwajin a gaban wanda ba ya ƙarƙashinka, a kuma bar rahotona yadda na rubuta shi. In kuna son wani sakamakon, ku nemi wani hannun.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ƙarfin halin faɗa wa mudir gaskiya. Gobe da safe ina bakin tanderuna, sai in kun karɓe katin shigata.

Wassalam.

Injiniya Hadiza