Wutar da na Rufe da Salatif

Zuru, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Saloma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mijinki da yara kuna lafiya a Kaduna. Ƙafar mamanki ta yi sauƙi.

Tun shekarar da aka canza hannun tuƙi nake gyaran mota, ban taɓa tambayar na'ura ciwon inji ba. Sukundireba nake ɗorawa, in kai kunne. Saboda haka hotunan sikana biyu, na'urar gano ciwon mota, da kika turo in zaɓa, na gode, ki bar su. Jabiru mai garejin da ke kallon nawa yana da ita, ya wuni yana latse-latse kamar mai sayar da kati.

Mahaifinki,
Haggai

Zuru, ranar Lahadi

Saloma 'yata,

Ina gaishe ku duka. Mu ma lafiya, sai dai zuciyata.

Kin san Hannah ungozoma. Watan jiya ta kawo mini Corolla ɗinta, na cire mata tamostat, wato ƙarfen da ke tare ruwan lagireto har inji ya yi ɗumi. Haka muke yi wa Fijo tun da, muna cewa na ƙasar sanyi ne. Da wata wuta ta kunnu a gaban direba, sai na manna mata baƙin salatif.

Ranar Alhamis motar ta mutu a hanyar Dirin Daji, da mace mai naƙuda a ciki. A kan babur aka ƙaraso da ita asibiti. Ta sauka lafiya, Allah ya rufa asiri. Ni na jawo motar, Hannah tana ta yi mini godiya.

Jabiru ya tsallako ya jona na'urarsa. Ashe ƙwaƙwalwar motar ta ga injin ba ya ɗumi, ta yi ta ƙara mai har fulogi suka yi baƙi. Tsawon wata guda motar tana faɗa mini, ni kuwa na toshe mata baki. Ya ga salatif ɗin, ya dube ni, ya ce kawai Baba a sa sabbin fulogi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

To ki sayo sikanar. Ban da ƙaramar nan da ake haɗawa da waya, na ji aikinta goge wuta ne, wannan kuwa na riga na iya. Ina son mai allo, wadda ke nuna zafin ruwa inji yana aiki. Ki tambaye su ko manhajarta ta san Toyota da Golf da Honda, su ne motocinmu. Ta yi aiki ko babu sabis, kada kuma ta mutu in shekara ta zagayo. Turancinta bai dame ni ba, tunda lamba take bayarwa. Ki rubuto mini ma'anar kowace lamba da Hausa, sau ɗaya ya isa. Har yau ina riƙe da lambar kowace motar da ta shigo garejina.

Shi ya sa na san ba Hannah kaɗai ba ce. Motoci goma sha ɗaya ne ke yawo da salatif ɗina.

Gobe da safe zan fara da gidanta, in faɗa mata da bakina. In ta ce Jabiru za ta kai wa motar, ni zan tuƙa mata har ƙofarsa.

Ki gaida mijinki da jikokina.

Mahaifinki,
Haggai