Kwamfutar Aiki da Mijina Mai Jinya

Tanti Zaliha, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, daga Tawa aka turo ni Gure. Mijina mushe ne, wato malamin makaranta, a wata lakwal wajen Gidigir. Kafin damina moto, babur ɗin da yake hawa, ya kayar da shi a cikin rairayi, ƙugunsa ya karye, har yau yana kwance. Ba mu da dangi a nan. In na tafi sarwis wurin aiki tun safe, shi sai rufin ɗaki yake kallo. Mutumin da a da ba ya iya zaman minti biyar bai tsokani wani ba.

Abin da ya dawo masa da dariya wani wasan ƙwallo ne da suke bugawa ta intanet da ƙanensa Tahiru da ke Yamai. A kwamfutar da projen rigakafin da nake wa aiki ya ba ni yake yi, in na dawo da la'asar, in rezon intanet ya yarda. Ina girki ina jin ihunsu, ni ma raina ya yi fari.

To, sai wasan ya sabunta kansa, ya ƙi buɗewa. Wai sai an shiga BIOS, can cikin saitin da ke tada na'urar, an kunna wani tsaro mai suna Secure Boot. Burahima mai gyara a kasuwa ya ce abu ne mai sauƙi, amma bai ɓoye mini ba, wani lokaci na'urar takan kulle ta nemi lambar da masu ita kaɗai suke da ita. Tanti, duk bayanan rigakafin yaran ƙauyukan Bune suna ciki. Na ce wa mijina ban yarda ba. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi ina da gaskiya, ya juya fuskarsa bango. Yanzu abinci ma sai na lallaɓa shi. Shin na fifita aiki a kan mijina ne?

Baƙuwa a Gure

Ƴata Baƙuwa, Allah ya ba maigidanki lafiya.

Ba ki yi laifi ba. Na tambayi masu sani, sun ce tsaron da wasan yake nema ba mugun abu ba ne, kariya yake ƙarawa. Amma gargaɗin Burahima gaskiya ne, kuma kwamfutar amana ce a hannunki. In ta kulle, yaran da za a rasa sanin wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba su za su sha wahala.

Sai dai zan taɓa ki kaɗan: shi kansa wasan, kin nemi izini kafin a sa shi? Ki je wurin mai kula da na'urorin projenku, ki faɗa masa komai yadda yake. In ya amince, shi zai adana bayanan ya kunna da hannunsa. In ya ƙi, ku haƙura, Tahiru ya nemo wani wasan da za su buga a waya.

Shi ma maigidanki ki fahimce shi. Ba ƙwallo yake kewa ba, ƙanensa yake kewa, da jin cewa har yanzu yana iya cin wani a wani abu. Ki faɗa masa kin ga haka. Ki aika wa abokan aikinsa su zo da dara da shayi ran hutu, a fito da shi zaure ya ji hayaniyar mutane. Ɗalibansa ma su riƙa leƙo shi da darasinsu.

Allah ya tashe shi a kan ƙafafunsa, ya bar ku tare.

Tanti Zaliha