Moɗar Ummu Hani

Zuwa ga Malama Riskuwa, Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ni ce Nazifa, wadda ta zauna can bayan aji ranar da kika zo makarantarmu ta Argungu kika koya mana illar nuna wariya. Yaya maigida da yara?

Yanzu ina makarantar kwana a Zariya, kuma lafiyata lau.

A ɗakinmu akwai wata mai farfaɗiya, sunanta Ummu Hani. An ware mata moɗa daban, wai miyaunta na yaɗa ciwon. Sai na tuna yadda kika karɓi kofin yarinyar da kowa ke ƙyama, kika sha a gabanmu, ba ki yi wa kowa faɗa ba. Ranar Talata na ɗauki moɗar Ummu Hani na sha.

Wata siniya ta ce, "To 'yar Kabi, sai ku riƙa faɗuwa tare!"

Tun ranar ba mai cin abinci da ni sai Ummu Hani. Bai dame ni sosai ba, amma ban gaya wa Inna ba.

Don Allah ki koya mini abin da zan ce musu. Shan ruwan na iya, maganar ce ta gagare ni. Allah ya saka miki da alheri. In ba zan takura miki ba, ko kin yarje mini in sake rubutowa?

Ɗalibarki,
Nazifa